Jinin da aka juye daga kwalba zuwa kwalba

Wata bakwai ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun ɗauka na mutu. Ni ma na ɗauka.

Abin ya fara da rawar hannu, ko shayi ba na iya riƙewa. Sai rama, sai gumi, zuciya tana bugawa kamar na yi gudu. Wuyana ya ɗan kumbura. Maƙwabta a unguwarmu ta Akurba suka gama yanke mini hukunci, wasu jifa, wasu ciwon zamani.

Na je wani ƙaramin asibiti. Likita ya ce yana zargin maƙoƙo, ya rubuta gwajin tayirod, wato halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, da na ƙoda da na yawan jini.

Matar da ke ɗakin gwaji ta ja jinina ta zuba a kwalba mai murfi shunayya. Sai ta duba takardar, ta ce, "Kash, ashe har da na ƙoda." Ta buɗe kwalbar, ta tsiyaye rabi cikin mai jan murfi.

"Na hutar da kai allura ta biyu, Baba."

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare. Na san mai murfi shunayya tana da maganin hana jini daskarewa a ciki. Na gani da idona, na yi shiru. Na gaji da zama tsohon nan mai gyara wa kowa aiki ana dariya a bayansa.

Da sakamako ya fito, likita ya ce sinadarin fotashiyam ya hau inda zuciya za ta iya tsayawa kowane lokaci. Ya ce in wuce babban asibiti a ranar. Ban je ba. Na ce ƙasar da ta bar ni ina bin layin fansho a rana ba ita za ta cece ni ba.

Na hau mota zuwa Keana, garinmu. Na nuna wa ƙanena inda nake so a sa ni, kusa da kabarin mahaifiyarmu.

"Yaya, wannan wace irin magana ce?"

"Share wurin kawai."

Ya share, yana kuka. Ya sa duwatsu huɗu. Na tsaya ina kallon tsawona a ƙasa. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin.

Kwana tara ina jira. 'Yata Rifkatu ce ta zo da keke napep har ƙofar gida.

"Baba, in mutuwar ce, ka yi ta a asibiti. Tashi."

A babban asibitin wata ma'aikaciyar gwaji ta daɗe tana kallon tsohuwar takardata. Ta ce, "Baba, mai wannan lambar ba ya shigowa da ƙafarsa. A wace kwalba aka sa jinin?"

Na gaya mata. Ta dafe kai. Ta ce maganin cikin kwalbar nan shi kansa fotashiyam ne, shi injin ya auna, ba jinina ba. Ta ɗibi sabo, kowane gwaji da kwalbarsa.

Ƙodata lafiya lau. Tayirod ce take aiki fiye da kima. Ƙwayoyi nake sha, ana auna ni duk bayan 'yan makonni. Hannuna ya daina rawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rifkatu, da baiwar Allahn nan ta babban asibiti da ban ma tambayi sunanta ba.

In za a ɗibi jininku, ku tambayi wace kwalba ce ta wane gwaji. Kada ku yarda a juye daga wata zuwa wata, gara a sake huda ku. Ku ga an rubuta sunanku a jiki. In sakamako ya ba da tsoro, ku je inda aka tura ku a ranar, a maimaita. Da sakamakona gaskiya ne, da taurin kaina ya kashe ni.

Na warke. Amma in na kishingiɗa da rana, matata takan lallaɓo ta kai yatsa kusa da hancina. Nakan yi kamar ina barci, in ja numfashi da ƙarfi don ta ji.