Faifai na Biyu na Injiniya Shaukat

Shekara goma sha tara ina buga takardu a ƙungiyar adana waƙoƙin masunta ta unguwarmu a Port Said, amma ban taɓa ganin Injiniya Shaukat ya ci abinci da kowa ba, in ka cire Milad. Su biyu suka haɗa babbar kwamfutar da ke ɗakin baya, uwar garke, inda muke zuba muryoyin tsofaffin mawaƙa. Milad ya rasu a watan Janairu. Tun daga nan Shaukat yake cin wakensa da burodi a tsaye, fuskarsa na kallon bango. Tausayi yake ba ni, haushi kuma yake ba ni, don ko gaisuwa sai ka roƙa.

Ranar wata Lahadi da safe na'urar ta ƙi tashi. Baƙin allo, da layin rubutu guda ɗaya.

"Injiniya, ta mutu ne?" na tambaye shi.

"Sitt Nawal, ki bar bakinki ya huta. Faifai biyu ne a ciki. Duk abin da aka rubuta a ɗaya, ana rubuta shi a ɗayan. RAID ke nan."

"To uban me ya hana ta tashi?"

Ya yi tsaki. Ashe faifan farko ne ya ƙone, kuma shi kaɗai aka sa wa ɗan abin da ke tayar da na'ura. Na biyun yana da kaya, bai san hanyar farkawa ba. "Aikin Milad ne wannan," in ji shi. "Ya ce zai yi bayan Idi." Milad Kirista ne, don haka wane Idin, nasu ko namu, oho.

Ni dai abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, waƙoƙin Rayyis Dasuki. Tsohon ya shekara yana ƙin a ɗauki muryarsa, sai a watan Afrilu ya yarda. Kwana tara muka yi a gidansa, yana waƙa yana tari. A watan Yuni aka binne shi. 'Yarsa ta yi alkawarin zuwa ranar Alhamis ta ji mahaifinta.

Shaukat ya soka filashi, ya tayar da na'urar ta wata hanya, ya yi ta lallashin faifai na biyu har la'asar. Na kai masa shayi sau uku, duk suka huce. Can ya ce, "Ya buɗe." Na rangaɗa guɗa, wallahi, ni da ciwon gwiwa har da ɗan tsalle. Shi ko bai juyo ba.

"Zo ki duba kwanan wata."

Na sa tabarau. Abu na ƙarshe da ke ciki, sha ɗaya ga Fabrairu.

"Ina na Afrilu?"

"Babu. Tun Fabrairu wannan ya daina bin ɗan'uwansa. Wata bakwai muna tafiya da ƙafa ɗaya."

"Kai kuma kana ina? Na'urar ba ta faɗa maka ba? Ai ka ce tana da baki!"

"Ta faɗa." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ta aika saƙo. Adireshin imel ɗin Milad ne a ciki."

"Ba ka canza ba?"

"Na buɗe wurin sau biyu. Na ga sunansa, na rufe."

Na buɗe baki zan zazzage shi, don ni ba na ajiye magana, sai na fasa. Na haɗiye. Ƙaramar na'urar da muka ɗauki muryar Dasuki da ita kuwa tuni muka share ta muka ɗauki wasu abubuwan a kai, don mun ce komai yana wuri biyu.

Ranar Alhamis na ce wa Shaukat ya bari ni zan gaya wa 'yar Dasuki. Ya ce a'a. Ya sa kwat ɗinsa, ya tare ta a bakin ƙofa, ya faɗa mata komai, bai ɗora wa na'ura laifi ba. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ce Allah ya ji ƙan mahaifinta, ta nemi ruwa ta sha, ta tafi. Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Bayan ta fita ya kira ni ɗakin baya. Ya riga ya sa sabon faifai, ya sa wa duka biyun abin tayarwa. Saura layi ɗaya, na adireshi. Ya goge na Milad a gabana, ya rubuta nasa, ya tsaya.

"Ya kamata a ce mutum biyu ne," ya ce. "In sa naki?"

"Ni? Me na sani a wannan shirgin?"

"Ba sai kin sani ba. In kika ga saƙo, ki leƙo ki gani ko ina nan."

Na karanta masa adireshina harafi-harafi, yana bugawa da yatsa ɗaya.