Yadda Inna ta kori motoci daga bakin rijiya

Yau da safe na iske tirela ta toshe hanyar famfon unguwarmu, mata sai zagaye suke da bokitai. Nan take na tuna Jibiya ta ƙuruciyata, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai.

Da kakar gyaɗa, motocin da ke jiran a duba musu takardu a kan iyaka bakin rijiyarmu suke tsayawa. Rijiyar ba siminti, itace aka gitta mata. Nauyin motoci ya sa gefenta ya fara zubewa, ruwan ya koma laka. Sau uku maza suna kai kuka wurin mai unguwa, direbobi ko a jikinsu.

A nan Innata take sayar da fura. Wata safiya ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce masu tuwo da ƙosai su biyo ta. Suka koma gindin wata tsamiya can bayan gari.

Da azahar sai ga wani direba a ƙafa, yana sharce gumi.

"Inna, wannan nisa fa? Laifi muka yi?"

"Wane laifi, ɗana? Da ruwan laka zan dama maka fura? Ka ga fili nan, ya ishi mota goma."

Kafin kasuwa ta zagayo, babu mota ko ɗaya a bakin rijiya.

Direba dai inda cikinsa yake, nan yake taka birki. Ku a unguwarku, wa ke ciyar da masu toshe muku hanya?