Kurciyar da Ta Zo Cikin Auduga

Daga wane gari kakata ta fito? Na tsufa, na rasa miji, idona ya fara hazo, har yau ba ni da amsa. Rubuta yadda na faɗa, Maryama 'yata, kada ki gyara mini magana. In kin ga ina share hawaye, ki ɗan jira ni.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ni. Kaka tana ƙarama aka taho da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa, za a yi hajji. Mahaifinta ya rasu a hanya, abokan tafiya suka ƙaraso da ita Jidda. Nan ta yi aure, nan ta tsufa. Abin da take tunawa na garinsu kaɗan ne: rijiya mai zurfi, marina, da kuka a bakin kasuwa. Sunan garin ya ɓace mata.

Suyar gyaɗa ce sana'arta. Bayan magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko da yashi, mu jikoki mu kewaye ta muna naɗe takardun da za a zuba gyaɗar a kai kasuwar Balad da safe. Ga zafin Jidda ga na wuta, gumi har gadon baya, amma ba mai tashi. Ba ta fara tatsuniya sai gyaɗa ta soma ƙamshi.

"Ga baƙuwa nan ta taso daga nesa," in ji ta.

Mu ce, "Ta sauka, mun shimfiɗa mata tabarma."

"Yalla, maza, hannu na aiki kunne na ji. Ke Kulu sarkin kwaɗayi, na ga wadda kika jefa a baki."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta kurciya. Wai fatake ne suka ɗora auduga a kan raƙumi, ba su san da ƙwai a ciki ba. Sai a wata ƙasa mai nisa ƙwan ya ƙyanƙyashe. Kurciya ta girma tana bin tsuntsaye da tambaya, ina ne garinmu? Hankaka ya ce ai ya sani, bayan dutsen can ne, jiya ma ya gaisa da uwarta. Ta tashi da murna, ta yini a sama, ta tarar da kango da gidan shaho. Da ƙyar ta tsira, rabin jelarta can ta baro. Ta faɗo gindin wata tsamiya inda wani tsohon kunkuru yake zaune, shi ma ta tambaye shi. Ya ce, ban sani ba 'yar nan, amma ga ruwa ki sha. A kan tsamiyar ta yi sheƙa.

Ni haushin kunkurun nake ji. "Kaka, shi ke nan? Bai gaya mata ba?"

"Halas, ta ƙare. So kike ya yi mata ƙarya a cinye sauran jelar? Miƙo mini faifai."

Kaka ta rasu kafin in yi aure. Mijina, mahaifinki, mutumin Damagaram ne. A Faransa ya yi karatu, ya zo Jidda koyar da Faransanci, Allah ya haɗa mu. Amma aikin da ya ci ransa shi ne bin asalin kalmomi. Ya ce Faransanci da Sifaniyanci da Italiyanci uwa ɗaya ta haife su, sunanta Latin. Shi da abokansa na can suna haɗa ƙamus mai gaya maka inda kowace kalma ta fito, rabonsa kuwa waɗanda suka shiga ta hanyar Larabci. Ni ko alif ban sani ba, amma ni ya fi yi wa bayani. Yana zuba sukari a shayi sai ya ce, "Kulu, kin ga wannan? Daga Hindu ya taso, Larabawa suka ce sukkar, Sifaniya suka ce asukar, Italiya zukkaro."

"Malam, ka sha kafin ya huce, duk inda ya fito."

Yana da wata ɗabi'a. Sai ya bi kalma guda shekara da shekaru, in bai sami hujja ba ya rubuta a gabanta: ba a san asalinta ba. Abokansa su bugo waya su ce ya sa abin da ya fi zato. Ya ce zato yana aljihunsa, ba zai zuba shi a ƙamus ba.

Na ce masa mai gano garin sukari ai ba zai kasa gano na Kaka ba. Ya ɗauki abin da gaske. Ya sa na maimaita tatsuniyoyinta yana ɗauka a kaset, duk hutun da ya je gida sai ya bi tsofaffi da tambaya. Ya dawo ya ce maganarta ta yi kama da ta tsakanin Katsina da Maraɗi, amma garuruwa masu marina da kuka a can ba su ƙirguwa. Na ce ya zaɓar mini ɗaya. Ya ƙi. Na yi fushi, na yi kuka, har na ce masa kalmomin Turawa sun fi ni daraja a wurinsa. Ya ce, "Da ba ki da daraja ai da tuni na ba ki sunan wani gari na huta."

Sai da muka koma unguwar Safa, jikoki suka fara tambayata da Larabci, "Sitti," wato kaka, "mu daga ina muke?" sannan na gane da wa nake zaune. A duniyar nan masu nuna maka bayan dutse suna da yawa. Ni Allah ya ba ni wanda in bai sani ba zai ce bai sani ba, saboda haka duk abin da ya ce ya sani ban taɓa kwana ina shakkarsa ba. Da wannan na rayu, kuma alhamdu lillahi, na ƙoshi. Kewarsa ce dai take damuna.

Ranar da zai tafi, da la'asar ne, yana kwance a ɗakinsa, numfashi yana yi masa nauyi. Na riƙe hannunsa. Don in ga murmushinsa na ce, "Malam, ko yanzu ba za ka ba ni sunan gari ba? Ba wanda zai kama ka."

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Kulu, inda kika fito ban gano ba, ki yafe mini. Amma inda kika sauka ina da hujjarsa. Gyara mini matashin nan, ki zauna kusa."