Tsohon Hoton Da Na Dogara Da Shi

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku a Akurba da ke garin Lafia, kuma gani nake ba wanda ya fi ni sanin jikin mijina. Maigidana manomin doya ne a Adogi, mutum mai haƙuri da yawan barkwanci. Ya daɗe yana fama da ciwon kwiɓi, har aka yi masa hoton ciki a asibiti aka ga 'yar tsakuwa a ƙodarsa. Likita ya ce ƙarama ce, ya yawaita shan ruwa, ya dawo in wani abu ya canza. Na adana hoton a ƙasan akwati tare da hoton aurenmu. A raina an gano ciwo, magana ta ƙare.

Bayan wasu watanni, ana tsakiyar haƙar doya, zazzaɓi ya rufe shi da rawar sanyi. Mu a nan Lafia kowane zazzaɓi maleriya ce, in ta ƙi tafiya a ce taifot. Na dafa ganyen darbejiya da na mangwaro, na lulluɓe shi da bargo ya yi sirace, na sayo ƙwayoyi a kemis. Yana cikin bargon ma tsokanata yake, wai na mai da shi doyar sakwara. Da ya ce fitsarinsa na zafi, bayansa kamar ana soka masa wuƙa, ko mu koma a sake hoto, ni ce na hana. Na ce ai muna da hoto. Wallahi tausayin girgizar babur da layin asibiti nake masa.

A kwana na huɗu maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Tibi ce ma'aikaciyar jinya, ta shigo aron turmi ta gan shi kwance. Na ɗauko mata hoton har da alfahari. Ta duba kwanan watan da ke jiki, ta ce min hoton aure ne kawai ba ya canzawa, tsakuwa kuwa tafiya take. Da kanta ta taro mana keke mai ƙafa uku.

Sabon hoton ya nuna tsakuwar ta sauko ta toshe hanyar fitsari, ƙodar ta kumbura, gwaji kuma ya tabbatar ƙwayoyin cuta sun shiga. Likita ya ce saura ƙiris ya rasa ƙodar, ko ma ransa. Suka sa masa siririn bututu fitsari ya sami hanya, aka yi ta masa allurai ta jijiya. Ina kuka a gefen gadonsa, shi kuma yana lallashina, wai ba laifina ba ne, siracen ne bai san hanyar ƙoda ba.

Allah ya tashe shi, ya koma gonarsa, kuma bai taɓa goranta mini ba. Amma na gane ƙauna ba ta ganin cikin jiki. 'Yan uwana mata, in mai tsakuwar ƙoda ya yi zazzaɓi, kada ku ɗora tukunyar ganye, ku kai shi a sake hoto a ranar. Tsohon hoton na fitar da shi daga akwati. Na aurenmu na nan, mai shi kuma yana raye.