Kwalin da Abdulilah Ya Bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma ga watan Safar 1446, Allah Ya karɓi ran ɗan ƙanwata, Abdulilah Rabi'u, a shagonsa na gyaran waya da ke unguwar Ka'akiyya a Makka, yana da shekara talatin da huɗu. A zaune aka same shi bayan Azahar, idonsa a buɗe, yatsarsa a tsakiyar littafi. Wani da ya kawo gyara ya daɗe yana yi masa bayanin wayarsa kafin ya gane ba a jin sa.

Abdulilah, ni kawunka Ma'aruf, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba. Kai mutum ne mai taurin kai. Biki ba ka zuwa, suna ba ka zuwa, ko manya sun kira zama sai ka aiko da gaisuwa. Amma ba zan manta shekarar da ka tuƙa motar alhazai ba. Rana ta faɗi a Arfa, shugaban direbobi ya ce kowa ya kama hanyar Muzdalifa, kai kuwa ka kashe mota, don wata tsohuwa 'yar Damagaram ba ta dawo daga alwala ba. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ka sauka ka nemo ta a bayan tantuna tana kuka. Sun sallame ka daga aikin, ka dawo gida kana dariya.

Na tambaye ka inda ka samo wannan hali, sai ka miƙo mini ɗaya daga littattafan zanen nan na Japan da matasa ke kira manga. Ta dama ake buɗe shi, kamar littattafanmu na addini, abin da ya fara ba ni haushi ke nan. Labarin wani mai fito da jirgin ruwa ne, wanda ya bar garinsu ranar da za a binne ubansa bai waiwaya ba. Ba ya rusuna wa kowa, ba ya neman afuwa, wanda ya ga dama shi yake ceta. Na ce wannan ai ɗan iska ne. Ka ce, “Kawu, tun ina yaro kalma ɗaya nake ji, aib, aib, abin kunya ne, me mutane za su ce. Shi wannan bai san ta ba. Halas, shi ke nan abin.”

Daren farko na zaman makoki mahaifiyarka Sa'adatu ta kira ni ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ta ji kana ba da aron littattafan, kuma ta san sadaka tana gudana bayan mutuwa, to haka zunubi ma. “Yaya,” ta ce, “duk wanda ya karanta ya ƙi uwarsa, a kan ɗana za a rubuta. Ka tattaro su ka ƙona, ko ya samu ya kwanta.” Na yi mata alkawari.

Ban sha wahalar tattarowa ba, su suka zo da kansu. A rana ta uku, tsakanin Magariba da Isha'i, muna jere a kujeru ana zuba gahawa, sai baƙin fuskoki suka fara shigowa ɗaya-ɗaya. Akwai 'ya'yan Hausawa, akwai Larabawa, akwai 'yan Burma, har da wani mai furfura cikin kayan masu shara. Kowa ya yi mana gaisuwa a hankali, ya ajiye littafi a kan teburi, ya nemi kujerar da babu kowa a gefenta. Ba su san juna ba. Da teburin ya cika, na ga suna satar kallon juna a tsorace, domin kowannensu ya ɗauka shi kaɗai kake ba wa.

Na matsa kusa da ɗaya, wani ma'aikacin otal mai suna Turki, na tambaye shi me suke gani a ciki. Ya ce, “Wallahi baba, daga safe zuwa dare *hadir* nake cewa, na'am, to, an gama. Idan na buɗe shi sai in ji wani ya ce a'a a madadina.”

Muna cikin haka wayarka ta yi ƙara a aljihuna. Mai kawo saƙo ne, yana tambaya ko Abdulilah yana nan, ga shi a bakin layi. Sabon kashi na labarin ne da ka yi oda, da sunanka a jiki. Na shigo da shi a hannu, wurin ya yi tsit har ana jin hucin fitilu. Duk idanunsu suka bi hannuna.

Na zuba su duka a kwali, na kai gida da niyyar ƙonawa da safe. Na ce bari in ga abin da zan ƙona. Kwana tara na yi ina karantawa. Har yanzu ina nan a kan bakana, mutumin nan ba abin koyi ba ne, wanda ya ƙi binne ubansa ya yi asara. Sai dai shekarata sittin da uku a garin nan, kuma da na duba baya ban tuna ranar da na ce a'a a inda ya kamata ba. A shekarar da ka kashe mota ina Arfa ina rabon abinci, na ji labarin, abin da na fara cewa shi ne ka kunyata mu.

Sa'adatu, na ce miki na ƙona su. Ban ƙona ba, ki yafe mini. Suna ɗakina, kuma jiya na ba Turki sabon kashin da hannuna. Ba ni da ilimin da zan ce miki babu laifi a cikinsu. Abin da na sani shi ne ɗanki ya daina ba da aro tun Larabar da ya rasu, ni nake bayarwa yanzu. Idan akwai alhaki, ina roƙon Allah Ya ɗora shi a wuyana, Ya bar yaron ya kwanta.

Allah Ya jiƙanka, Abdulilah, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kukan tsohuwar nan da ka share ya tsaya maka. Allah Ya ba mahaifiyarka da ƙannenka Nadiya da Majid haƙurin rashinka. Mu kuma, idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.