Gardamar Baba da Gwaggo a Kan Matar da Ta Dawo

A kakar da aka yi wa Baba aikin ido, likita ya hana shi abubuwa da yawa. Kada ya sunkuya, kada ya ɗauki kaya, kada ya shiga ƙura, kada ya fita rana ba baƙin gilashi. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da masallaci, wannan ba ƙaramin horo ba ne. Gero ya nuna a gonarmu ta Unguwar Ya, ƙannena maza suna can suna girbi, shi kuwa yana kan tabarma a rumfar tsakar gida, duk wanda ya yi sallama sai ya tambaye shi ko an fara ɗaurin dami.

Ni ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, kuma gidan aurena ba nisa da gidanmu. Innarmu ta daɗe da rasuwa, Baba kuma ya ƙi ƙara aure duk yadda aka matsa masa. Matar ƙanena ce ke kula da abincinsa. Idan an tashi daga makaranta sai in biya in ɗiga masa magani, in zauna har bayan La'asar. Ƙanwarsa, Gwaggo, ta zo dubiya daga Zandam, can ƙasar Gwaram. Da niyyar kwana biyu ta zo, amma da ta ga yadda zaman ya ishe shi, sai ta kwance ƙullin kayanta ta zauna.

A lokacin ina bin wani labari a waya, a wani zauren masu karatu inda marubuta ke sako labaransu kashi-kashi. Wata rana ina karantawa a gefen tabarmar, ban san na ja numfashi da ƙarfi ba. Baba ya juyo. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, lafiya? Wani ne ya rasu?"

Na ce masa labari ne kawai. Ya ce in dai har labari zai sa mutum ajiyar zuciya haka, to shi ma a karanta masa, tunda ba abin da yake yi sai korar ƙuda.

Na yi ɗan jim, don na san halinsa. Labarin wata mata ce da ta rasu ta bar 'ya'ya ƙanana, amma kullum da hantsi sai ta dawo gidan, ta zauna a kan kifaffen turmi tana kallonsu. Tana cikin likkafani, idanunta fari fat. Idan ta motsa sai kwanuka su zube, yaran su ruga waje da kuka. Na koma farko na karanta musu. Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, sai ga hannunta ya tsaya.

Da na kai ƙarshen kashin, Baba ya gyara zama ya ce, "Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Wanda ya mutu ya tafi ke nan. Yana can yana ta kansa, ina ya ga sararin zuwa ya zauna a kan turmi? In ma an ga wani abu, aljani ne ya ari kama."

"Yaya, ai ba wa'azi aka ce maka ba," in ji Gwaggo. "Labari ne."

"Labarin ma a yi shi da hankali."

"Ni ba dawowar ce ta dame ni ba," ta ce. "Wace uwa ce za ta samu hanyar ganin 'ya'yanta, sannan ta zo ta tsorata su? Da ni ce, da zanen da suka san ni da shi zan zo."

Na ɗauka an gama ke nan. Washegari ina shiga, ko jakata ban ajiye ba, Baba ya ce, "An sako na yau?" Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya har da tafa hannu. Ya ce shi so yake ya ji iyakar ƙaryar.

Haka muka mayar da shi al'ada. In ɗiga magani, ya rufe ido ya jingina da bango, in karanta. Daga baya na fara karanta musu har da abin da sauran makaranta ke rubutawa a ƙarƙashin kowane kashi, sai ya zama sun fi son wannan. Wata ta ce marubuciyar ta ji tsoron Allah ta tuba, tana ɓata wa yara aƙida. Wata ta ce tun da ta fara karantawa ba ta iya shiga ɗakin girki ita kaɗai. Akwai wadda kullum roƙonta ɗaya ne, a sa fatalwar ta shaƙe kawun yaran da ya sayar da keken ɗinkin marigayiyar. Ita wannan Gwaggo ta ce da ganin rubutunta akwai wanda take jin haushi a danginsu. Wadda ta ce a tuba kuwa, na zaci Baba zai goyi bayanta, amma sai ya ce ta yi zafi da yawa. Gyara ake yi wa mutum, ba korarsa ba.

Ran nan ya ce shi ma a rubuta nasa. Na ce masa zauren na mata ne. Ya ce to in rubuta cewa saƙon wani tsoho ne da aka rufe wa ido. Ya faɗa ina rubutawa: yana gaishe da marubuciyar, hannunta yana da daɗi, amma ta sani mamaci ba ya dawowa, abin da yake bukata addu'a ce da sadaka, ta mayar da abin mafarki ko tunanin yaran, sai labarin ya tsaya da ƙafafunsa. Gwaggo ta ce ba za a bar ta a baya ba. Nata gajere ne: a cire wa baiwar Allah likkafani a ɗaura mata atamfa, kuma ta daina zubar da kwanukan marayu.

Ban yi tsammanin amsa ba, amma washegari sai ga amsar ta zo. Na karanta musu bayan na ɗiga maganin. Marubuciyar ta gaishe da Baba da ladabi, ta yi masa sannu da jiki. Ta ce ta san mamaci ba ya dawowa, ta yi imani da hakan. Ita ma mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, kuma ta yi shekaru tana duban ƙofar gida da hantsi. Da ta tabbatar ba za ta shigo ba, sai ta shigo da ita a rubuce.

Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta goge ido. Baba ya ɗaga hannu ya yi wa mahaifiyar marubuciyar addu'a, muka shafa.

Daga nan ya yi maganar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ya ce Innarmu tana da wata ɗabi'a: idan ta gama tuƙa tuwo sai ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya, shi ne alamar a wanke hannu. Bayan rasuwarta, ya ce, ya daɗe yana jin wannan ƙarar daga zaure, har ya miƙe.

"Na san ba ita ba ce," ya ce. "Kunne ne ya saba. Amma ban taɓa jin tsoro ba. Daɗi ma nake ji."

"To ka gani," in ji Gwaggo a hankali.

"Ban ga komai ba. Ai ni ban ce ta dawo ba."

Ni ma na tuna ƙarar muciyar, abin da na manta shekara da shekaru. Ranar ba mu karanta sabon kashi ba. Hirar Inna muka yi har rana ta yi sanyi: yadda take rigima da masu tallan kifi, yadda ba ta yarda kowa ya taɓa mata tsintsiya. Mun fi yin dariya a kan kuka.

A kashin da ya biyo baya, sai ga matar ta zo da zanen atamfa ruwan ganye, kwanuka kuma suka zauna lafiya. Ko saƙon Gwaggo ne ya jawo, ko da ma haka aka tsara, ban sani ba. Ita dai Gwaggo ba ta da shakka, duk mai zuwa dubiya sai ta gaya masa ita ta gyara labarin. A ƙarshe babbar 'yar ta iya yi wa ƙanwarta kitso, ta iya dama kunu ba gudaji. Ran da ta yi kitson farko mai kyau, uwar ta tashi daga kan turmin, ta karkaɗe zanenta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Marubuciyar ba ta ce mafarki ne ba, ba ta kuma ce ba mafarki ba ne. Baba ya ce saura ƙiris ta yi daidai, da ta ƙara layi ɗaya. Gwaggo ta ce ko wasali aka ƙara an ɓata.

Da likita ya sallame shi, idon ya washe har yana karanta allon shaguna a bakin titi yana gaya mana abin da aka rubuta, kamar mu ba mu gani. Ya ce shi da kansa zai mayar da Gwaggo gida. Muka shiga mota da safe, da buhun sabon gero a baya, muka bi hanyar Gwaram. Duk gonar da muka wuce sai ya faɗi ra'ayinsa a kanta.

A Zandam maƙwabta suka cika gidan da sannu da zuwa. Bayan Azahar, an ci an sha fura, sai na ji Gwaggo a tsakar gida ta tara mata tana ba su labarin. Amma ta sake masa fasali. A bakinta matar har wanki take yi wa yaran, tana tsince musu shinkafa, ta kuma je ta tsaya a kan kawun nan har ya dawo da keken ɗinki da kansa yana rawar jiki. Matan suna ta jinjina kai.

Baba yana daga ƙofar zaure, inda aka shimfiɗa masa darduma. Ya yi gyaran murya.

"Ba haka aka karanta ba," ya ce. "Ba ta taɓa komai da hannunta ba. Zama kawai take yi tana kallo. Keken ma ba a dawo da shi ba."

"Yaya, kai da ka ce ƙarya ce, ina ruwanka?"

"Ko ƙarya ce a faɗe ta yadda mai ita ta faɗa. Uwata, fito da wayar."

Na fito da ita, sai babu sabis a gidan. Matan suka ce su dai na Gwaggo ya fi musu daɗi, ta ci gaba. Baba ya girgiza kai yana murmushi, ya jawo kwanon furarsa. Bai tashi daga wurin ba har ta kai ƙarshe, yana gyara mata nan da can, tana yi kamar ba ta ji. Sai da aka kira La'asar ya miƙe ya nemi buta, muka yi salla, muka kama hanyar gida da sauran rana.