Babi na Tara a Hanyar Broken Hill

Mutum nawa ka sani da suka soma rubuta littafi bayan sun haura sittin, suka kuma kai shi ƙarshe? A Kurrabin, garin alkama mai mutum dubu uku da ɗari biyu a arewacin jihar Victoria, mutum ɗaya ce, sunanta Raelene Kostoglou.

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya biyar na wani manomin inabi kusa da Mildura. Tana da shekara goma sha tara ta shiga aikin ɗan sanda, ba don wani babban buri ba, sai don ta gaji da tsinkar inabi a zafin Fabrairu. Ta yi shekara goma sha uku cikin kayan sarki, sannan aka mai da ita ɓangaren masu bincike, aka turo ta Kurrabin, aka haɗa ta da Desmond Tuckwell, wanda kowa ke kira Tak.

Shekara ashirin da biyu suka yi suna aiki tare. Motoci bakwai suka tsufa a hannunsu, amma zaman bai taɓa canzawa ba: Tak a sitiyari, Raelene a gefensa da littafin rubutu a cinya. Yawancin aikin satar tumaki ne, da satar man dizal daga gonaki, da gobarar da mai rumbu ya kasa bayyana yadda ta tashi. Kisan kai uku kacal suka bincika, biyu daga ciki ma wanda ya aikata ne ya bugo musu waya da kansa.

Tak ne mai baki. Zai jingina da shingen gona ya yi minti arba'in yana hirar ruwan sama da farashin ulu, kafin mai gonar ya ankara ya riga ya faɗi inda ya ɓoye tumakin maƙwabcinsa. Raelene ce mai biro. Duk rahoton da ya fita daga ofishinsu, ita ta rubuta shi, Tak ya sa hannu. Mutanen caji ofis suna cewa lalaci ne, shi kuma ya yi dariya ya amsa. Ita kaɗai da marigayiya matarsa Maureen suka san gaskiya: karatu yana yi wa Tak wuya. Haruffa kan cuɗe masa, layi ɗaya sai ya bi shi sau uku. Jarrabawar aiki ma Maureen ce ta riƙa karanta masa yana haddacewa, don abin da ya shiga kunnensa ba ya fita.

Tak ya riga ta ajiye aiki da shekara shida. Da ita ma ta ajiye, sai ta faɗa wa littattafan 'yan sanda na laburaren gari. A shekarar farko ta karanta ɗari da goma sha huɗu, ta kuma sami abin ƙorafi a kusan dukansu. Masu binciken ciki kullum suna daka wa juna tsawa, suna buga ƙofa. Babu mai jira a mota awa shida, babu mai rigima kan wa ya bar ɓawon lemo a ƙarƙashin kujera. Sai ta sayi kwamfuta, ta yanka wa kanta kalma ɗari biyar kowace safiya kafin ta ba tumatirinta ruwa. Cikin shekara uku ta rubuta, ta yage, ta sake, har ya tsaya a shafi ɗari uku da goma sha biyu. Labarin masu bincike biyu ne, mace mai suna Pryor da namiji mai suna Lomax.

Wata mai buga littattafai a Melbourne ta karanta ta bugo waya. Ta ce tana so, kuma babi na tara ne ya saye ta. A babin nan ne mai karatu ke gane cewa Lomax ba ya iya karanta takardar da ke hannunsa.

Raelene ta canza masa suna, ta ƙara masa gashin baki, ta rage masa tsawo. Amma ta san duk Kurrabin, daga mai gidan burodi har limamin coci, za su gane Tak tun a shafi na biyu. Sirrin da ya riƙe shekara hamsin ne, ko 'yarsa bai faɗa wa ba. Ta ce wa matar Melbourne sai ya yarda, in bai yarda ba babu littafi, don ba za ta fitar da shi babu babin ba. Aka ba ta zuwa Juma'a.

To, yaya za ta miƙa wa Tak shafi ɗari uku ta ce ya karanta? Sai ta ji a shagon kayan gona cewa ran Laraba zai kai wa 'yarsa Bronwyn injin ban ruwa a Broken Hill. Nan take ta yi lissafi a bayan takardar iri. Kilomita ɗari huɗu da talatin zuwa, haka dawowa. Tak ba ya wuce casa'in a awa ko wa ke binsa. Shafi ɗaya minti biyu in ana karantawa da baki. Babi na tara yana shafi na ɗari da saba'in da ɗaya, ke nan zai faɗo a hanyar dawowa, bayan sun bar gidan Bronwyn da kusan awa guda. Lissafin ya yi mata daidai.

Ƙarfe bakwai na safiyar Laraba tana tsaye a ƙofarsa da kwalin takardu da filas biyu na shayi.

"Kosta," in ji Tak, don haka yake kiranta, yana ɗaure injin a bayan a-kori-kurarsa. "Wa ya mutu?"

"Babu. Rakiya na zo."

"Ke da ba kya rakiya sai da dalili. Mene ne a kwalin?"

"Littafina. Kai ka tuƙa, ni in karanta."

"Har Broken Hill? Gara a ɗora min injin nan a ka." Ya buɗe mata ƙofa. "Shiga. Kuma kar ki taɓa min rediyo."

Kafin Mildura ya riga ya yi mata gyara goma sha ɗaya. Ya ce babu ɓarawon tumakin da zai fita da farin wata. Ya ce karen da ta sa a gonar ba ya haushi irin haka. Ya ce Lomax ɗin nan ci ya yi masa yawa, musamman mitfai, gashin fulawa mai nama a ciki.

"A babi uku ya ci mitfai biyar. Wane irin mutum ne wannan?"

"Na rage ma. Na gaskiyar bakwai yake ci."

"Na gaskiyar yana da tsawo, kuma bai taɓa ajiye gashin baki ba. Kin mai da ni kamar mai sayar da tsofaffin motoci."

"Wa ya ce kai ne?"

"Ci gaba, malama marubuciya."

Suka tsallake kogi a Wentworth, itatuwa suka ƙare, ƙasa ta koma ja, hanya ta miƙe kamar an ja zare. Tak ya daina gyara, ya koma dariya, har sau biyu yana buga sitiyari. Raelene kuwa gabanta na faɗuwa, kuma abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne, in gabanta na faɗuwa bakinta sauri yake. Minti ɗaya da rabi take cinye shafi. Da ta juya ta ga "Babi na Tara", allon gefen hanya na cewa saura kilomita arba'in da biyar su shiga Broken Hill.

Ta rufe kwalin. "Murya ta gaji. Sai a dawowa."

"Muryar da ta yi awa biyu tana karanta wa alƙali rahoton gobara? Kin sha shayi yanzun nan. Karanta."

"Tak, wannan babin..."

"Kosta, na shekara talatin ina sauraron mutanen da ke son tsallake wani wuri. Karanta."

Ta karanta. Shafi goma sha huɗu ne. Lomax na tsaye a kicin ɗin wata gona, an miƙa masa wasiƙar da kowa ke jira ya karanta, ya shafa aljihu ya ce ya manta tabarau, Pryor ta karɓa ta karanta da ƙarfi kamar don kanta take yi. A mota ya faɗa mata gaskiya, ita kuma ta ce daga yau takarda tata ce.

Tak ya ci gaba da tuƙi. Ya rage gudu don wasu jiminu uku da ke tsallaka hanya, ya wuce su, sannan ya gangara gefe ya kashe mota. Sai ƙarar injin da ke hucewa.

"In ka ce a'a, shi ke nan," in ji Raelene. "Na faɗa wa matar. Ba zai fita ba."

"Shekara nawa kika yi a kansa?"

"Uku da wata biyu."

"Kicin ɗin gidan Hallam ne, ko? Labulen ba shuɗi ba ne, kore ne." Ya zuba shayi a murfin filas. "Abin da kika rubuta haka aka yi. Ban ji daɗin jinsa ba, amma haka aka yi. Matsalata da Pryor ce."

"Me Pryor ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, shi ne matsalar. Shafi ɗari da tamanin ina jira matar nan ta kasa wani abu. Ta iya rubutu, ta iya harbi, ta iya gyaran taya. Mala'ika ce aka ba ta lambar aiki? Ina taswirar?"

Raelene ta juya tana kallon jar ƙasa ta taga.

Duk sanda aka yi hatsari ko aka tsinci gawa, sai an je an ƙwanƙwasa ƙofar iyali an faɗa musu. Raelene ba ta taɓa iyawa ba. Da sun tsaya a ƙofar gidan sai ta buɗe taswira ta ce za ta duba hanyar komawa, a garin da ta san kowane lungu. Tak ya gyara hula ya shiga shi kaɗai, ya fito, ya tada mota, bai taɓa ce mata uffan ba.

"Sau goma ne ko sha ɗaya," ta ce a hankali.

"Goma sha bakwai. In lissafo miki gidajen? Ke mai ƙirga komai, nan ne ƙirgarki ta lalace." Ya miƙa mata murfin shayin. "Ban taɓa jin haushi ba. Ke kina riƙe min takarda, ni ina riƙe miki ƙofa, aikin ke nan. Amma kin rubuta rabi, kin mai da ni abin tausayi da wata gwana ke ɗauke da shi. Ki sa taswirar, ki bar tabarau a ciki. Ko kuma ki cire duka biyun ki rubuta littafin kare."

"Mutanen gari za su san ni ce."

"Ashe. Ni kuma za su ɗauka Firayim Minista ne."

Dariya ta kuɓuce mata, har shayin ya zube a shafi na ɗari da tamanin da biyar.

A gidan Bronwyn, bayan an sauke injin an zauna cin gasasshen naman rago, Tak ya ajiye cokali ya faɗa wa 'yarsa da bakinsa, don kada ta fara ji daga littafi. Jimla huɗu ya yi. Bronwyn ta ci gaba da yanka burodi.

"Baba, tun ina aji biyu na sani. Littafin agwagwa ɗaya kake buɗe min kullum, kuma kullum labarin daban. Wata rana ma agwagwar ta saci tumaki."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Naka ya fi na littafin daɗi. Miƙo min gishiri."

A hanyar dawowa Raelene ba ta karanta ko layi ba. Rubutu ta yi a cinya kamar dā, Tak na tuna mata wane gida ne mai karen da ya yaga masa wando, wace tsohuwa ce ta ba shi shayi kafin ta bar shi ya yi magana. Kafin Juma'a ta ƙara shafi goma sha ɗaya, ta gyara launin labule, ta aske wa Lomax gashin baki. Mitfai ɗin ta bar su yadda suke.

Littafin ya fito a watan Satumba. Laburaren Kurrabin ya sayi kwafi huɗu, mutum sittin da uku suka rubuta suna suna jiran layi. Mai gidan burodi yanzu yakan tambayi Raelene ko tana buƙatar taswira ta kai ta gida, shi kuma Tak wani manomi ɗan shekara saba'in ya tare shi a bakin banki, ya ja shi gefe, ya tambaye shi yadda ya yi da fom-fom duk shekarun nan. Sun yi awa ɗaya a tsaye. Raelene tana shafi na casa'in na littafi na biyu.

In kana da wanda kuka daɗe kuna aiki tare, ka ware minti ashirin a makon nan. Ka ba shi labarin aikinku daidai yadda kake ba wa wasu in ba ya wurin, sannan ka yi shiru ka bar shi ya faɗa maka abin da ka tsallake. Ka gwada, ka ƙirga ko guda nawa zai kawo.